Mu Dasa Lalle a Gidajenmu

Kowa ya san lalle a hannun amarya, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa shaƙar furensa. Fari ne, ƙanana, yana fitowa cunkus a bakin reshe, da yamma kuwa ƙamshinsa kan cika tsakar gida. A Indiya har turare ake yi da shi.

Na lura a Unguwar Rimi da Malali mutane na kashe kuɗi wajen sayen furannin ƙasashen waje, waɗanda ba sa jure hunturu. Lalle kuwa ya saba da ƙasarmu. In yana samun ruwa, ganyensa kore shar duk shekara.

Ga yadda nake dasa shi a gidanmu. Idan damina ta kankama a watan Yuni, sai in yanko reshe mai ƙwari, tsawonsa kamar ƙafa 1, in binne rabinsa a wurin da rana ke bugawa. Ba ya son inda ruwa ke kwanciya. Nakan zuba busasshen kashin shanu da toka saboda gara, in kewaye shi da ƙaya don awaki. Da rani, ban ruwa sau 2 a mako ya isa. In ya yi tsawo a rage masa kai, sai ya yi rassa.

Iyayenmu, baƙin lallen kasuwa sau da yawa da rinin gashi ake haɗa shi, yakan ƙona fata. Na gida kuwa mun san abin da ke cikinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka.