Zanen yatsa da takardar 'yan sanda: abin da mai neman aikin gwamnati zai tarar

 A shirinmu na wannan mako mun ɗauki tambayar wani dattijo mai sauraronmu a Kukuo, nan cikin Tamale. Ɗansa ya nemi aikin gwamnati, aka ce sai 'yan sanda sun ɗauki zanen yatsunsa goma kafin a ci gaba da maganar. Dattijon ya ce shi dai a saninsa ɓarawo ake yi wa haka, to me yaron ya yi?

Baba, bai yi komai ba. Wannan ɗauka ita ce ma za ta fitar da shi daga laifin da wani ya yi.

A Ghana, duk mai son shiga aikin ɗan sanda, soja, shige da fice, kashe gobara, gandiroba ko kwastan, cikin sharuɗɗan da ake rubutawa akwai cewa kada ya zama kotu ta taɓa kama shi da laifi. Wasu ma'aikatu da bankuna da kamfanonin gadi su ma suna neman wannan shaida, haka ofisoshin jakadanci idan mutum zai tafi aiki ko karatu waje. Masu bincikawa su ne sashen binciken manyan laifuka na 'yan sanda, wato CID, mai hedikwata a Akra. A cikinsa akwai ofishin da ake kira Criminal Data Services Bureau, inda ake ajiye zanen yatsun mutanen da shari'a ta bi ta kansu. Za a ɗauki na ɗanku, a gwada da waɗanda ke ajiye. In ba a sami mai kama da shi ba, sai a rubuta cewa babu komai a kansa.

Wani zai ce, to me ya hana su duba suna kawai? Ku tsaya a tashar lori ta Tamale ku ɗaga murya ku ce "Alhassan!" ku ga mutum nawa za su waiwayo. Abdulai Mohammed nawa ne tsakanin nan da Bawku? In da suna kaɗai ake bi, ɗanku da bai taɓa taka ƙofar kotu ba sai ya ɗauki kayan takwaransa da ya saci babur a Kumasi. Ɓarawon kuma ya sauya suna gobe, ya saka kaki jibi. Suna ana aro, ana sauyawa, ana rubuta shi da kuskure. Yatsa ba a aronsa.

Makiyaya ba sai an yi muku dogon bayani ba. Kun san ana iya sauya shaidar wuta a cinyar sa, ana iya sake yanka kunne. Amma ku duba fatar hancin saniya, wannan wuri mai danshi: akwai ƙananan tsage-tsage a kai, kuma masana dabbobi sun tabbatar babu shanu biyu masu iri ɗaya. Haka yatsan ɗan Adam. Zanen yana kafuwa tun jariri yana ciki, ba ya sauyawa har tsufa, sai dai ya yi faɗi yayin da hannu ke girma. Ko Hasan da Husaini da uwarsu ke rikita su, yatsunsu sun bambanta. Galibi zane uku ne: mai lanƙwasa kamar ƙugiya, shi ya fi yawa, wajen kashi 60 cikin 100, mai zagaye kamar ɗinkin faifai, wajen kashi 30 ko ɗan fiye, sai mai ɗan tudu, wanda bai wuce kashi 5 ba. Amma masu bincike ba a nan suke tsayawa ba. Suna bin inda layi ya ƙare da inda ya rabu biyu, kamar yadda mai bin sawu ke karanta burtali.

Aikin ba na jiya ba ne. A 1858 wani jami'in mulkin Ingila a Indiya, William Herschel, ya sa ɗan kwangila ya dangwala tafin hannunsa a takardar yarjejeniya don kada ya musa daga baya. A 1897 aka buɗe ofishin zanen yatsa a Kalkata, inda Azizul Haque da Hem Chandra Bose suka yi aikin tsara hanyar jera katunan, ko da yake sunan shugabansu Edward Henry aka laƙaba wa tsarin. 'Yan sandan Landan suka ɗauka a 1901, daga nan ya bazu ƙasashen da Ingila ta mulka. Kun ga ashe da ciniki aka fara, ba da sata ba.

Yadda ake ɗauka kuwa, iri biyu ne. Ko dai a shafa tawada a mirgina kowane yatsa a kati daga gefen farce zuwa ɗaya gefen, sannan a dangwala huɗu tare a kwance da babban yatsa daban, ko kuma a ɗora a gilashin na'ura ta ɗauka kai tsaye. Ba ciwo, ba allura, ba jini. Ka saki hannunka kawai, jami'in ya juya shi. Mai taurara yatsa shi ke ɓata zane a sake.

A nan ne mutanenmu ke shan wahala, don hannun mai aiki ba irin na mai zaman ofis ba ne. Wanda ya shekara yana jan igiya da guga a bakin rijiya, da iyayenmu mata masu ginin tukwane a Kukuo, da masu wanke goro, da mai ɗaukar bulo da siminti, duk zanensu yakan lashe har na'ura ta kasa gani. Manya za su tuna zaɓen 7 ga Disamba 2012, lokacin da aka fara tantance masu zaɓe da yatsa: na'urori suka ba da matsala a wasu rumfuna har aka ƙarasa zaɓe washegari. Hunturu ma na ƙara abin, fata ta bushe ta tsage. Maganinsa mai sauƙi ne in an fara da wuri. Fatar sama tana sabunta kanta cikin kamar wata guda, zanen ya dawo yadda yake, in dai yanka bai yi zurfi ya bar tabo ba. Saboda haka yaron da ya san za a kira shi ya ɗan huta da aikin siminti, ya riƙa shafa man kaɗe da dare. Ranar zuwa kuma ya wanke hannu, kada ya je da maiƙo. 'Yan mata, ƙannena, a jinkirta lalle sai an dawo, don baƙin lalle mai kauri yakan hana na'ura karantawa. Mai yatsa da ya guntule ko tsohon tabo ya nuna tun farko, a rubuta. Wannan ba laifi ba ne.

To me ake nema a cikin ajiyar? Abin da ke hana aiki shi ne hukuncin kotu. Kundin tsarin mulki na 1992 ya ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar a kansa ko ya amsa da bakinsa. Ku riƙe wannan na ƙarshe, ya amsa da bakinsa, don shi ya fi cin yaran ruga. Shanu sun shiga gona, an kama yaro, an kai shi kotu da tuhumar ɓarnar dukiya ƙarƙashin dokar laifuka ta 1960. Garke na jira, uba na sauri, wani ya ce masa, "Ka amsa kawai, tara ce, mu biya mu tafi." Yaron ya ce ya amsa amma yana da bayani, alƙali ya ci shi tara, aka biya, kowa ya manta. Kotu ba ta manta ba. Wannan hukunci ne, ko da bai kwana kurkuku ba, kuma bayan shekara biyar yana iya tare masa ƙofa. Sulhun da aka yi a fadar sarki ko gaban Ardo aka biya mai gona, ba hukuncin kotu ba ne. Har a gaban alƙali ma, sashe na 73 na dokar kotuna ta 1993 ya ba shi damar barin a sasanta ƙananan laifuka. A ganina Baffa, kwana biyu da za ka ɓata wajen neman sulhu, ko neman lauyan kyauta a ofishin Legal Aid na Tamale, sun fi arha a kan tarar da ka biya cikin awa ɗaya. Wanda kuma aka taɓa tuhuma kotu ta sallame shi, ya koma wurin rajistaran kotun ya karɓi kwafin hukuncin, ya adana tare da takardun makaranta. Ranar da tambaya ta taso, takardar ce za ta yi magana.

Wasu sun tambaya ko yatsun da aka ɗauka wajen yin Ghana Card su ne ke hannun 'yan sanda. Katin na hukumar NIA ne, aikinsa nuna ko kai wane ne. Ba da yatsa a can, ko wajen rajistar zaɓe, ba ya mai da kowa mai laifi. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2012 da ta ɗora wa masu karɓar irin waɗannan bayanai nauyin tsare su.

Sai maganar 'yan tsakiya, waɗanda a Akra ake kira goro boys. Daga goronmu sunan ya fito, ba abin alfahari ba ne. Mutum zai tare ka a bakin ofis ko ya kira ka a waya, ya ce turo hoto da kuɗi ta MoMo, takarda za ta iso ba sai ka zo ba. Ku yi tunani: binciken yatsa ne, yatsan kuma yana hannunka a Kukuo, to me aka bincika? Takardar jabu in an gano ta, aikin ya tafi, sannan ga sabuwar tuhuma, wato ka je neman shaidar rashin laifi ka dawo da laifi. Mai nema ya je da ƙafarsa. Ya fara tambaya a ofishin CID na hedikwatar 'yan sandan yankin Arewa a nan Tamale, su faɗa masa kuɗin da hanyar biya, ya karɓi rasit. Kada ya jira sai saura kwana uku a rufe.

Kafin ya tafi, ku baje takardunsa a tabarma ku karanta sunan ɗaya bayan ɗaya. Mu 'yan iyaka sunanmu yana sauya riga a kowane shinge: Abdulai a Tamale, Abdoulaye a Dapaong, Abdullahi a Sakkwato, Fuseini a takardar makaranta, Husaini a ta haihuwa. Shekarar haihuwa ma haka, wani malami ya ƙiyasta ta da ido ranar shiga aji ɗaya. Yatsa zai fito fes, amma ma'aikatar ta ga mutum biyu a fayil ɗaya ta ajiye shi gefe. Ana gyara wannan da takardar rantsuwa, a buga a Gazette, sannan a kai wa NIA, kuma yana ɗaukar lokaci. Ayyukan kaki na 'yan ƙasa ne, zama ɗan ƙasa a Ghana kuwa ta iyaye ko kakanni yake bi, ba wurin haihuwa kaɗai ba. 'Yan uwanmu Fulani da dama sun koka kan yadda ake yi musu tambayoyin da ba a yi wa wasu a wurin rajista, don haka duk tsohuwar takardar uba ko ta kaka, kada a bari gara ta ci.

Wanda ya zauna shekaru a hayin iyaka kuma ana iya neman shaida daga can. A Togo, Burkina Faso da Nijar ba 'yan sanda ke ba da ita ba, daga ɓangaren shari'a take fitowa, ita ce kaziye, kuma wata uku take aiki. A Nijar akan nema a kotun yankin da aka haifi mutum, saboda haka haifaffen Maraɗi ya lissafa da tafiya ko aike. A Najeriya kuwa 'yan sanda ne, babban ofishin ajiyar yana Alagbon a Legas, su ma da yatsa suke aiki. Kada ka karɓo kaziye tun kafin a buɗe ɗaukar aiki, sai ta mutu a aljihunka ka sake biyan kuɗin mota.