Bayan gashin kansa: bakin da ya bushe da maganin da bai iso ba tukuna

Ma'aikacin da ke kwana a Madalla yana sammakon shiga Abuja ta Zuba ya san wahalar hanya. Idan kuma ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro ko harshe, sammakon na asibiti ne: gashi da na'ura, kamar yadda ake yi a Asibitin Ƙasa, kwana biyar a mako, har mako shida ko bakwai.

Gashin yana kashe ƙwayoyin cutar, amma yana ƙona maɓuɓɓugan yawu da ke gefen kunne da ƙarƙashin muƙamuƙi. Mai lafiya kan samar da yawu rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini, bai ma lura ba. Wanda aka gasa kuwa, lomar tuwo sai da kurɓin ruwa, magana a taron ofis sai da gora a hannu, barci ya riƙa yankewa, haƙora su soma ruɓewa. Gyambon baki yakan warke cikin makonni. Bushewar takan zauna shekaru. Hunturu da azumi sai su ƙara mata nauyi.

A nan ne ake sa rai ga ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ke taimaka wa jiki gyara abin da ya lalace. A asibitin Rigshospitalet da ke Kofanhagen, ƙasar Denmak, likitoci sun ciro irin waɗannan ƙwayoyi daga kitsen majiyyaci, suka raya su, suka yi masa allurarsu a maɓuɓɓugan ƙarƙashin muƙamuƙi. Sakamakon 2018, a kan mutum 30, ya nuna ƙarin yawu. Sai dai wani gwaji da aka wallafa a 2024, mai mutum 120 da ƙwayoyin da wasu suka bayar, bai nuna fifiko bayyananne a kan allurar da babu magani a cikinta ba. A Groningen ta Holan, wata hanya ake gwadawa: a ɗebi ƙwayoyin maɓuɓɓugar tun kafin gashi, a mayar bayan an gama.

Duk wannan gwaji ne har yanzu. Dashen ɓargo da aka fara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011 na masu sikila ne, aiki ne dabam. Saboda haka duk mai tallar garin magani ko ƙwaya a WhatsApp da sunan ƙwayoyin asali, albashin mutum kawai yake hari.

Abin da ke hannu ba shi da armashi, amma yana aiki. Likitan haƙori ya duba baki kafin ranar farko ta gashi, domin cire haƙori bayansa kan jawo ruɓewar ƙashin muƙamuƙi. Sai man goge baki mai fulorayid, kuskure baki da ruwan gishiri, da barin taba. Mai inshorar NHIA ya tambayi teburinta a asibiti abin da ta ɗauke masa tun kafin a sa masa rana.