Murfin But Na Tsohuwar Hillman: Aikin Samkari A Umdurman

Tun da jama'a suka fara komawa gidajensu a Hartum da Bahri da Umdurman cikin shekarar 2025, bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, akwai abin da kusan kowace unguwa ta tarar, wato gawar mota a ƙofar gida ko a bakin titi, an kwashe tayoyi, an zare batir, an yanke wayoyi. A layinmu ma haka muka tarar da motar wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon direban tasi. Hillman Hunter ce ruwan ɗorawa, wadda da ita ya ciyar da iyali, ya aurar da 'ya'ya. Taya da batir ana samunsu a kasuwa in da kuɗi. Abin da ya ɗaga hankalin Baba shi ne murfin but, wanda a nan ake kira dahariyya, domin shi ma an ɓalle shi an yi gaba da shi.

Mai karatu zai ce, to mene ne abin damuwa a murfi? Ai sai a sayo wani. A nan gizo ke saƙar. Kamfanin Rootes na Ingila ne ya fara ƙera Hillman Hunter a 1966, aka kuma daina yin ta a 1979. Ƙasar Iran ta ci gaba da ƙera irinta da sunan Paykan daga 1967 har zuwa 2005, ita ma ta rufe. Su kuwa waɗanda suka yi tasi a titunan Hartum, tun tuni Toyota Corolla ta ture su, daga baya amjad da raksha suka cika gari. Saboda haka ba wani kanti da za ka shiga ka ce a ba ka sabon murfi. Hanya biyu ce kawai, ko a dace da wata gawar Hillman da ba a taɓa ba, ko kuwa a samo murfin wata mota dabam a sarrafa shi har ya ɗauki kamannin na asali. Baba bai dace da ta farko ba, sai muka raka shi Unguwar Masana'antu ta Umdurman wajen samkari, wanda 'yan'uwanmu na Kano ke ce wa fanal bita.

Kada a ɗauka wannan baƙon aiki ne a ƙasar nan. Babbar motar nan Bedford TJ, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958, masu sana'ar Sudan sun sake mata gini, sun ƙarfafa shasinta, sun ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya, har ta sami suna Sifinja saboda laushin tafiyarta. Aikin ya kai ga wani masani Bajamushe, Kurt Beck, ya yi nazari a kansa, Valerie Hänsch kuma ta yi fim a kansa a 2009. Hannun da ya iya sake wa Bedford gini, murfin but ba zai gagare shi ba. Sai dai ƙaramin aiki ne mai tona asiri, domin murfi shimfiɗaɗɗe ne, rana na dukansa kai tsaye, ko ɗan ƙaramin tudu ido zai gani daga nesa.

Ga yadda muka ga aikin yana tafiya. Da farko usta bai taɓa guduma ba. Kwali ya ɗauko ya yanka daidai bakin but ɗin, ya fitar da lanƙwasar gefen dama da ta hagu da ta tsakiya, ya auna kusurwa zuwa kusurwa don ya tabbata jikin motar bai karkace ba. Sannan aka shiga wajen masu tsofaffin kayan mota da kwalin a hannu, aka zaɓo murfin da ya ɗan fi ramin girma, domin rage ƙarfe ya fi ƙara shi sauƙi.

Murfin but falle biyu ne. Akwai fatar waje mai santsi wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, akwai kuma ƙashin ciki wanda ke riƙe hinji da makulli. Bakin fatar an naɗe shi ne a kan ƙashin kamar yadda tela ke kalmashe bakin riga. Usta ya bi naɗin nan a hankali ya warware, ya raba su biyu. Ƙashin ya fara gyarawa, ya yanke abin da ya yi yawa, ya matsar da mazaunin hinji da na makulli zuwa inda Hillman ke da su, ya ɗaura shi a mota shi kaɗai, yana buɗewa yana rufewa har ya zauna. Sai da ƙashi ya daidaita sannan ya koma kan fata.

Wajen waldar fata ne ake gane gwani. Ƙarfe marar kauri ba ya son zafi, in aka ja walda a dogon layi sai ya murɗe kamar ganda a wuta. Don haka ɗigo-ɗigo ake yi, a ɗiga nan, a tsallake can nesa, a jira ya huce, a buga da guduma bisa ɗan ƙarfen da ake tokarawa ta ƙasa, har ɗigon ya haɗe ya zama layi. Inda fatar ta kumbura kuwa, sai a gasa wuri kamar faɗin kwabo har ya yi ja, a buga, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma, ƙarfen ya tsuke. Daga nan a mayar da fatar bisa ƙashi, a sake naɗe bakin, a bar rata kamar milimita 4 ko 5 daidai wa daida ta kowane gefe. A ƙarshe a sa sabuwar roba, domin in ba ta kama ba, habub ɗin farko zai cika but da ƙura.

Akwai gajeriyar hanya, kuma mun taɓa ɗanɗana ta. Shekarun baya mun kai wata mota wani gareji saboda araha, aka gama cikin kwana biyu, fenti yana ta ƙyalli. Ashe ma'ajun aka lafta aka rufe lotsawar. Da zafin Mayu ya zo, lokacin da Hartum ke wuce digiri 40, ƙarfe ya miƙe, ma'ajun bai bi shi ba, murfin ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Araha ba ta ado. Ma'ajun ba laifi ba ne in bai wuce kaurin milimita 3 ba, aikinsa share ƙananan tabo. Mai son ya gwada, ya naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle ya bi jikin murfin da shi. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ne a kusa ba.

Yanzu motar Baba ta fito, wanda bai sani ba zai rantse murfin daga Ingila ya zo. To a nan ne muke son jan hankalin 'yan'uwa. Kwaikwayo halal ne, har a Turai akwai masu gina motoci bisa kamannin na da, amma sukan faɗi cewa kwaikwayo ne. Laifin yana wajen ɓoyewa. Da muka tambayi Baba ko zai gaya wa mai saye in ya tashi sayarwa, sai ya nuna mana cikin murfin, inda ya hana a shafe layin waldar. A wannan lokaci da dubban motoci suka ɓace, kayansu kuma suka watsu a kasuwanni, wajibi ne mai saye ya tambayi asalin abin da zai saya, ya duba lambar shasi ta dace da takardu, kada ya gyara tasa motar da hawayen wani.

Abu na ƙarshe ga iyaye da malamai irinmu. Awon da muka ga usta yana yi da kwali, shi ne darasin kusurwa da ma'auni da muke fama da yara a kansa a allo. Yaranmu da yawa yaƙi ya raba su da aji shekara da shekaru, ga kuma gawarwakin motoci sun cika gari suna jiran mai gyara. Mu jikokin maƙera ne, kada mu raina wa ɗa guduma. A kai shi wajen ustan da ke fara aiki da awo, a kuma bar shi ya ci gaba da karatu ko da na yamma ne. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar wa kowa da alherin abin da ya rasa, amin.