Nishin Mai Fiyano: Kiɗa Ne Ko Surutu?

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada ko Doguwa ya san yadda ake yi. Da zarar mota ta cika an hau titi, direba zai saka waƙa, idan kuwa dattijo ne to sau da yawa ta marigayi Dokta Mamman Shata ce. Kalangai na tashi, Shata na waƙa, 'yan amshi na karɓa, can kuma sai ka ji sanƙira ya ɗaga murya yana kirari ko yana sanar da kyautar da aka yi. Babu fasinjan da zai ce wannan mutum ya ɓata waƙar. Kunnenmu ya saba da shi.

A Amurka kuwa, akwai wani makaɗi da aka shafe sama da shekara 40 ana gardama a kan muryar da ke fita daga bakinsa idan yana kiɗa. Sunansa Keith Jarrett, kuma shi ba mawaƙi ba ne, fiyano yake kaɗawa.

Mutum uku, babu mawaƙi

Fiyanon da muka sani a waƙoƙin fina-finan Hausa na lantarki ne, ana iya ɗaukarsa a hammata. Na asali babban akwatin katako ne mai maɓallai 88, a cikinsa akwai wayoyin ƙarfe sama da 200. Idan aka danna maɓalli, wata 'yar guduma ce ke bugun waya ta ba da sauti.

Shi kuma kiɗan jaz baƙaƙen fatar Amurka ne suka ƙirƙiro shi a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Abin da ya bambanta shi da sauran kaɗe-kaɗen Turawa shi ne ƙirƙira nan take: makaɗa za su ɗauko karin wata waƙa da kowa ya sani, sannan kowannensu ya riƙa juya shi yadda ya zo masa a lokacin, kamar yadda Shata kan ƙirƙiri baiti a gaban jama'a. Akwai tsari na mutum uku da ake ji da shi sosai a jaz: mai fiyano, mai ganguna, da mai bas, wato wani abin kiɗa mai tsirkiya huɗu da ya kai tsawon mutum, ana jingina shi a ƙasa ana kaɗa shi da yatsu.

An haifi Jarrett a shekarar 1945 a jihar Pennsylvania. Sunansa ya zagaye duniya bayan wasan da ya yi shi kaɗai a birnin Kolon na Jamus ranar 24 ga Janairu, 1975, wasan da wata yarinya Bajamushiya, Vera Brandes, ta shirya tun ba ta kai shekara 20 ba. Faifan wannan dare ya zama faifan fiyano zalla da aka fi saya a tarihi.

A watan Janairun 1983 ya shiga situdiyo a New York tare da Gary Peacock mai bas da Jack DeJohnette mai ganguna. Daga wannan zama kamfanin ECM na Jamus ya fitar da faifai uku, na farkonsu shi ne Standards, Vol. 1. Mutanen uku sun ci gaba da kiɗa tare na kimanin shekara 30.

Abin da ake ji a faifan

Masana jaz ba su da ja a kan ƙwarewar mutanen nan uku. Matsalar ita ce duk lokacin da kiɗa ya yi zafi, sai a ji wata siririyar murya ta hanci tana bin fiyano, wani lokaci nishi, wani lokaci kamar kukan ɗan akuya. Babu kalma ko ɗaya a ciki, kuma sau da yawa ba ta daidaita da karin da yatsunsa ke fitarwa. Waɗanda suka kalle shi sun san ba baki kaɗai ba ne: yakan miƙe daga kujera, ya lanƙwashe, ya karkace jiki yana kiɗa.

Za ku ce me ya hana a goge? Makirufon da ke ɗaukar fiyano kusa da wayoyin ake ajiye shi, bakin makaɗi kuma bai wuce taku ɗaya ko biyu daga wurin ba. Sautin biyu tare suke shiga, su cakuɗe kamar gishirin da ya narke a miya. Da na'urorin wancan zamani, cire ɗaya na nufin lalata ɗayan.

Ba Jarrett ne ya fara ba. Ana jin gurnanin Erroll Garner a sanannen faifansa na mutum uku, Concert by the Sea, wanda aka ɗauka a 1955. Glenn Gould, ɗan ƙasar Kanada da ya shahara da kaɗa kiɗan Bach, yakan bi fiyano da murya ƙasa-ƙasa, kuma masu ɗaukar sauti sun sha fama da shi har zuwa rasuwarsa a 1982.

Hujjar kowane ɓangare

Masu suka suna cewa sun sayi faifai ne don su ji fiyano. Suna kuma kawo wata hujja mai ƙarfi: Jarrett da kansa ba ya jure motsin 'yan kallo. Ya sha tsayar da wasa saboda tari, har akan raba alawar tari a ƙofar zaure. A 2007, a wani bikin jaz a birnin Perugia na Italiya, ya zazzagi masu ɗaukarsa hoto. Idan tarin wani na ɓata kiɗa, in ji su, me ya sa nishinsa ba ya ɓatawa?

Masu kare shi suna cewa mai ƙirƙira nan take yana jin karin a ransa kafin ya kai ga yatsu, muryar kuma kwararowa take yi ba da niyya ba, kamar nishin manomi idan ya kai garma ƙasa. A ganinsu, da a hana shi nishi a rasa kiɗan, gara a bar shi.

Akwai abin lura a nan. Jarrett ya fitar da faifan kiɗan Bach da na Mozart, inda komai a rubuce yake, kuma ba a jin wannan murya a cikinsu. Kowane ɓangare na kafa hujja da wannan. Masu suka na cewa ashe yana iya yin shiru idan ya ga dama. Masu kare shi na cewa wannan ne ya tabbatar da cewa ƙirƙirar ce ke jawo nishin.

A 2018 ya gamu da bugun jini har sau biyu, wanda ya raunana hannunsa na hagu, ya daina fita wasa. Gary Peacock ya rasu a 2020. Yanzu faya-fayan ne suka rage, da kiɗan da nishin duka.

Me ya bambanta shi da sanƙira?

Kiɗanmu na gida cike yake da sautukan da baƙo zai iya ɗauka surutu ne. Akwai guɗa a gidan biki da wajen kiɗan amada irin na marigayiya Barmani Choge. Akwai ihun 'yan kallo a fagen dambe idan makaɗi ya kama taken ɗan wasa. Amma kowanne yana da gurbinsa. Mai guɗa ta san inda za ta rangaɗa, sanƙira da jama'a yake magana, kuma idan ya yi katsalandan a tsakiyar baiti kowa zai ji ya yi kuskure. Nishin Jarrett ba da kowa yake ba, shi ya sa wasu ke jin kamar an bar ƙofa a buɗe hayaniya na shigowa.

Sannan fage daban, faifai daban. A fage sau ɗaya za ka ji nishin, idonka na ganin gumin makaɗi, sai ka yi masa uzuri. A faifai kuwa, duk ranar da ka kunna, nishin nan na jiranka a daidai wannan daƙiƙa.

Abin da ya shafe ku

Da yawanku na ɗaukar sauti da waya: waƙar yaye ɗalibai, wasan kwaikwayo, gasar muhawara. Wasu na da burin shiga situdiyo a Kano, inda kwamfuta ke gyara murya har ta yi sumul, wani lokaci har ka kasa bambance wannan mawaƙi da wancan. Can an goge komai, a wurin Jarrett an bar komai. Wanda zai yi aiki mai kyau dole ya koyi zaɓar abin da zai bari.

Ga abin gwadawa a wannan makon. Ku ɗauki waƙa ko karatu na minti biyu a aji, wayar na nesa da bakin mai magana kamar taƙi ɗaya. Ku saurara sau uku da abin sawa a kunne, ku rubuta duk sautin da ba a yi niyyarsa ba: jan numfashi, gyaran murya, ƙarar benci, dariyar wani. A gaban kowanne ku rubuta ko ya ƙara wa abin armashi ko ya janye hankalinku. Sai ku ba wani da ba ya wurin ya saurara, ku gwada amsarsa da taku. Ku rubuto mana abin da kuka samu, za mu buga wasu daga ciki a wannan shafi.