Tsamin Tsamiya da Abin da Ya Koya wa Masana

Tsamin da ke kama harshe in an kurɓi kunun tsamiya aikin wani sinadari ne da masana ke kira asid na tatarik. Yana cikin 'ya'yan inabi, amma da wuya a sami itacen da ya kai tsamiya yawansa. Idan aka tace shi, fari ne mai ƙyalli, ba ya wari, kuma yana narkewa cikin ruwa nan take. Masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ne ya fara ware shi a 1769, daga ɓawon da ke taruwa a jikin gangar da ake adana ruwan inabi.

Darajarsa a kimiyya ta fito ne a 1848, a hannun Louis Pasteur na Faransa, lokacin yana ɗan shekara 25. An daɗe da sanin cewa asid ɗin da ke fitowa daga inabi yana karkatar da tataccen haske zuwa dama, alhali wani irinsa, mai sinadarai iri ɗaya sak, ba ya karkatar da shi ko kaɗan. Pasteur ya busar da gishirin wannan na biyun, ya duba ƙwayoyinsa da gilashin ƙara girma, sai ya ga siffa biyu ce, kamar hannun dama da na hagu: kamarsu ɗaya, amma ɗaya ba ya zama a gurbin ɗayan. Da hantsaki ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Kashi ɗaya ya karkatar da haske dama, ɗayan hagu, a haɗe kuwa suna soke juna. Sanyin Faris ya taimake shi, domin gishirin ba ya rabuwa haka idan zafi ya haura kimanin digiri 27.

Daga baya ya lura cewa ƙananan halittu na cinye na dama su bar na hagu. Wannan ne babban darasin, wato jikin mai rai yana bambance siffofin biyu. Saboda haka masu haɗa magani suke amfani da asid ɗin wajen raba sinadari mai siffa biyu, su ɗauki wanda ke aiki. Da wani sinadari da aka samo daga asid ɗin Barry Sharpless na Amurka ya ƙirƙiro, a 1980, hanyar haɗa siffa ɗaya kaɗai, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2001.

Ana sa asid na tatarik a alewa da lemon kwalba da lambar E334, gishirinsa na shiga hodar kumbura kek, kuma magina na zuba shi don jinkirta daskarewar siminti. Har yanzu mafi yawan wanda ake samu daga tsiro daga ragowar inabi ake fitar da shi.