Ko Ka San Abin da Ya Ƙarar da Ungulayen Indiya?

Ko ka san cewa tsuntsuwar nan da muke yi wa kallon ƙazama, wadda Bahaushe ya shaide ta da cewa ba ta jewar banza, ta kusa ƙarewa ƙaf a ƙasar Indiya, alhali babu maharbin da ya harbe ta, sai wani magani da ɗan Adam ya haɗa da kyakkyawar niyya domin ya sauƙaƙa wa shanunsa ciwo?

Asalin al'amarin kuwa shi ne, da yake mabiya addinin Hindu ba sa cin naman shanu, idan saniya ta mutu sai a feɗe fatar a yar da mushen a bayan gari, ungulaye kuwa, waɗanda a da ake lissafa su da miliyoyi, su sauko su cinye shi tas tun bai ruɓe ba, har ya zamana babu abin da ya saura sai ƙashi. A shekarun 1990 masu dabbobi suka rungumi allurar diclofenac, wato maganin ciwon jiki da gaɓɓai ɗin nan da ake sayarwa a kemis, saboda arharsa da saurin aikinsa. To, idan ajali ya riski dabbar cikin 'yan kwanaki da yi mata allurar, maganin yana nan kwance cikin namanta, ungulun da ta ci kuwa sai ƙodarta ta daina aiki, a gan ta bisa reshe ta sunkuyar da wuya kamar mai gyangyaɗi, ba a jima ba ta faɗo matacciya. Da masana suka buɗe cikin gawarwakin, sai suka tarar da wani farin gari mai kama da alli ya lulluɓe hanta da zuciya, wato dattin da ƙoda ta gaza fitarwa.

Ba a tabbatar da sababin ba sai a 2004, bayan wani bincike da aka yi a Pakistan, sa'an nan a 2006 hukumomin Indiya da Pakistan da Nepal suka haramta yi wa dabbobi amfani da shi, aka koma ga meloxicam, wanda ba ya cutar da ungulu. Amma kafin nan ɓarna ta riga ta auku, domin tsakanin 1992 da 2007, cikin kowace ungulu dubu ta jinsin mai farin baya, ɗaya tak ta rage. Da mushe ya rasa mai share shi, sai karnukan da ba su da masu su suka samu abinci suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, musibar da ta fara daga tsuntsu ta dawo kan bil Adama.

Halittun ruwa ma ba su tsira daga illar sinadaran ɗan Adam ba. A ƙasar Kanada, daga 2001 zuwa 2003, masana sun riƙa zuba wani ɗan mitsitsin adadi na sinadarin ƙwayar hana ɗaukar ciki a cikin wani tafki na gwaji, sai mazan wani ƙaramin kifi suka soma ɗaukar siffofin mata, haihuwa ta tsaya, jinsin ya kusa shuɗewa daga tafkin. Haka kuma a Hawai, tun daga 2021 an hana sayar da man kare fata daga rana mai sinadarin oxybenzone, saboda illarsa ga murjanin teku.

Izinar da ke cikin wannan ƙissa ita ce, Allah Maɗaukakin Sarki ya ɗora halittu bisa mizani, kowace da aikin da aka wakilta mata, magani kuwa ba ya gushewa don mai shansa ya warke. Saboda haka, ya kai mai karatu, kada ka zubar da ragowar magani a kwata ko rafi, kada kuma ka yi wa dabbarka allura sai da shawarar likitan dabbobi, domin amana ce aka ba mu, kuma za a tambaye mu.