Binciken hali kafin aikin tsaro: tsakanin giya, ƙwaya da ƙarya, wanne ya fi kayar da mutum?

Matashin da ke neman shiga aikin ɗan sanda, jandarma ko soja a Togo, ko daga Agoè-Zongo ya fito ko daga shagon mahaifinsa a kasuwar Assigamé, sai ya haɗa takardu. Cikinsu akwai takardar kotu da ake kira casier judiciaire, wadda ke nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci, kuma galibi ana son wadda ba ta wuce wata 3 ba. Bayan takardar, masu ɗaukar aiki kan yi binciken hali, wato enquête de moralité, domin su san wanda za su damƙa wa makami ko sirri.

Tsarin Amurka ya fi nuna yadda ake auna irin wannan amana, domin a rubuce yake, kuma ya shafi 'ya'yan Zongo da suka zama 'yan ƙasar suna neman aikin soja ko na gwamnati. Tun 2017 ana amfani da ƙa'idoji 13 na umarnin SEAD 4 wajen ba da izinin ganin sirrin ƙasa, kuma 3 daga cikinsu sun shafi shan giya, shan ƙwaya da halin mutum.

A kan giya, abin da ake dubawa shi ne ɓarnar da sha ya jawo: tuƙi cikin maye, faɗa, ko zuwa aiki a buge. Laifi ɗaya da ya daɗe, wanda ba a sake ba, ba lalle ya hana izini ba. Idan kuwa ya maimaitu, sai a ɗauka mutumin bai iya riƙe kansa ba, balle ya riƙe sirri.

Batun ƙwaya ya fi tsanani. Dokar Amurka ta hana a bai wa mai shan haramtacciyar ƙwaya a halin yanzu wannan izini. Tabar wiwi ma, duk da wasu jihohi sun halatta ta, ba ta kuɓuta a wannan bincike ba, domin dokar tarayya ake bi. Shan magani ba bisa umarnin likita ba shi ma yana cikin lissafi, abin da ya kamata masu shan tiramadol don ƙarfin aiki su lura da shi. A Togo kuma, dokar 1998 ta hukunta sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, kuma hukuncin kotu kan biyo mutum a takardarsa.

Sai dai ƙarya ce ta fi kayar da mutane. Takardar SF-86 da mai nema ke cikewa tana tambayar ko ya sha haramtacciyar ƙwaya cikin shekara 7 da suka wuce, da ko an taɓa tuhumarsa da laifin giya ko ƙwaya. Wanda ya amsa gaskiya, ana duba shekarunsa lokacin da abin ya faru, da tsawon lokacin da ya yi da dainawa, da ko ya rabu da abokan sha. Wanda ya ɓoye kuwa ya ƙara sabon laifi a kan tsoho, laifin da hukuncinsa ke iya kai ɗaurin shekara 5.

Dalilin a fili yake. Mai ɓoye abin kunya yana da igiya a wuya, duk wanda ya san asirinsa zai iya jan ta, ya sa shi fitar da sirrin aiki. Wanda ya faɗa da bakinsa ya tsinke igiyar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman inda masu bincike ke duba bayanan 'yan sanda, suna kuma tambayar maƙwabta da tsofaffin abokan aiki.

Iyaye a Zongo kan so a rufa wa yaro asiri, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Amma taimakon da zai amfane shi shi ne ya nemi casier ɗinsa da wuri ya ga abin da ke ciki, ya daina sha tun kafin a buɗe ɗaukar aiki, ya adana shaidar magani idan ya yi, sannan ya amsa kowace tambaya yadda abin ya faru.